Yadda Jadawalin Horonmu Ya Riƙa Saɓawa a Tawa

A farkon shekarar 2019 aka sanar da kampaninmu na soja, wanda a lokacin yake zaune a Yamai, cewa za a tura shi arewacin jihar Tawa, wajen Tiliya da Tasara, inda dokar ta-ɓaci take aiki tun watan Maris na 2017. Babu wanda ya ɗauki wannan aiki da wasa a cikinmu, domin a yankin ne aka kai harin Tazalit na ranar 6 ga Oktoba 2016, wanda ya ci rayukan jami'an tsaro 22 da ke gadin wurin da ƴan gudun hijirar Mali suke zaune. An tsara cewa kafin mu hau arewa za mu yada zango a garin Tawa, mu yi horo na wasu makonni a hannun malaman soja da suka zo daga ƙasashen waje, wasu daga Turai, wasu daga Amurka. Tawa ta saba da irin waɗannan baƙi, tun da tana cikin wuraren da aka gudanar da Flintlock, babban atisayen haɗin gwiwa na sojojin ƙasashe da yawa, a 2014 da 2018, amma namu ƙaramin horo ne na kampani ɗaya, ba shi da alaƙa da wancan. Ni sarjan-shef ne a biron kampani, kuma kapitan ya ɗora mini riƙon jadawali, wato in karɓi tsarin aiki daga wurin malamai, in isar da shi ga shugabannin sassa da direbobi da masu dafa abinci da ma'aikatan jinya, in kuma tabbatar kowa ya hallara inda ake bukatarsa a kan lokaci.

Saɓanin farko ya riga mu isa Tawa. Takardar da malaman suka aiko ta nuna cewa za a buɗe horo ranar 03/04. A Nijar rana ake fara rubutawa sannan wata, kamar yadda aka koya mana a makaranta, saboda haka duk biron da takardar ta ratsa 3 ga Afrilu ya karanta, a kan haka kuma aka shirya gyaran motoci da neman tankin ruwa na ja da ba da hutu ga waɗanda suka daɗe ba su ga iyali ba. Wanda ya rubuta takardar kuwa Ba'amurke ne, su wata suke gabatarwa, abin da yake nufi shi ne 4 ga Maris. Sai a ƙarshen Fabrairu, da aka bugo waya ana tambayar wanda zai tarbi malaman a filin jirgi, aka farga cewa wata guda cur ya zube daga lissafinmu. Aka shiga kiran masu hutu, wani yana Damagaram, wani yana Gaya, wani matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, ko suna ba a yi ba. Muka kama hanyar Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, muka karkata arewa a Tsarnawa, tafiyar fiye da kilomita 500, alhali wasu kamiyoyinmu suna garaji an kwance su, tankin ruwan kuma bai samu ba. Wannan rashin tanki ya bi mu har ƙarshen horon.

Ya kamata in bayyana yadda umarni yake tafiya a irin wannan wuri, domin a nan yawancin matsalar take. Malamai suna zama da dare su tsara aikin gobe ko na mako da Ingilishi. Tafinta ya mayar da shi Faransanci, takardar ta zo hannun kapitan, daga gare shi ta zo gare ni. Ni in kwafa, in raba wa laftanoni, su su gaya wa sarjanoni, sarjanoni kuma su gaya wa sojoji da Hausa ko Zabarmanci, wani lokaci har da Tamajak, gwargwadon harshen da mutum ya fi ji. Abin da ya shafi asibiti ko gazuwal ko harsashi kuwa ta wata hanya dabam yake bi, domin ba kampani ke riƙe da su ba, sai an rubuta takardar neman su an kai wasu birorin, kowane biro da magatakardansa da yadda ya saba karanta takarda. Kafin lokaci ɗaya ya isa kunnen mutumin ƙarshe, ya ratsa harsuna uku da hannaye da yawa, kuma babu wani wuri a kan hanyar da ake tsayawa a auna ko abin da ya isa shi ne abin da ya tashi.

Ranar harbi ta farko ita ta nuna mana girman abin. Filin harbin yana bayan gari, fili ne mai tsakuwa da jan dutse irin na ƙasar Adar, babu inuwa sai ta ƴan aduwa nan da can. Ƙa'idar filin harbi ba ta da sassauci, kuma haka ya dace: ba a sakin harsashi ko ɗaya sai an kafa jar tuta, an zuba masu gadi a iyakokin fili, motar asibiti da ma'aikacin jinya kuma suna tsaye a wurin. Takardar malamai ta asali tana ɗauke da 0600Z. Matuƙan jirage da sojojin ƙasashen Yamma sun saba rubuta lokaci da agogon GMT, su sa harafin Z a ƙarshe, suna kiransa Zulu, kuma duk mai sauraron rediyo ya san agogon Nijar yana gaba da GMT da awa ɗaya. Nufinsu ke nan ƙarfe bakwai namu. Wani laftana da ya leƙa takardar tun da dare ya gaya wa mutanensa ƙarfe shida, maganar ta yaɗu a ɗakunan kwana, aka tayar da kampani tun kafin kiran sallar farko, aka yi sallar asuba a gurguje, muka isa fili gari bai gama wayewa ba. Tafinta shi kuma ya yi lissafinsa daidai, ya rubuta ƙarfe bakwai a kwafin Faransanci, sai dai ya bar harafin Z yadda ya same shi. Wannan kwafi shi aka kai ɓangaren asibiti, inda magatakardan ya taɓa aiki da mutanen jiragen sama, ya san ma'anar harafin, ya sake ƙara awa ɗaya.

Haka aka yi muka iso ƙarfe shida, malamai suka iso ƙarfe bakwai, motar asibiti ta iso ƙarfe takwas, kuma kowane ɓangare yana ganin shi ne ya zo a kan lokaci. Ina tsaye kusa da ajidan ɗin kampani, wato babban da ke saman sarjanoni, lokacin da motar ta tsaya, ya nufe ta rai a ɓace ya ce, “Likita, ina kuka tsaya tun ɗazu, mutane suna gasuwa a rana?” Ma'aikacin jinyar bai ce uffan ba sai da ya zaro takardar daga aljihun gaba, ya warware ta a kan murfin injin mota, ya ɗora yatsa a kan layin, sannan ya ce, “Mon ajidan, ga takardarku. Bakwai ce da Z a gabanta, bakwai ta Zulu kuwa takwas ce a nan.” Ajidan ya daɗe yana duban takardar, ya ninke ta ya miƙa masa, ya juya ba tare da ya ƙara magana ba.

Kafin a gama bayanin tsaro a raba harsashi, tara ta kusa. An riga an aika wa mai garin ƙauyen da ke kusa cewa za a gama harbi kafin ƙarfe goma, a tsare dabbobi zuwa lokacin, domin hanyar rijiya ta bayan filin ta bi. Mutanen sun cika alkawarinsu, goma na yi sai ga ƙurar garke ta taso daga gabas, mai gadi ya kira ta rediyon hannu, aka tsayar da harbi, aka sauke bindigogi. Kafin shanu da raƙuma su gama wucewa, rana ta take, zafin ƙarshen rani a Tawa kuwa yana kai digiri 40 har ya wuce, ƙarfen bindiga ba ya taɓuwa da hannu. Ruwan da muka zo da shi a jarkoki an auna shi ne a kan aikin da zai ƙare da hantsi, mutanen da suka fito tun asuba kuma sun riga sun shanye rabinsa suna jira. Kapitan ya ba da umarni a tattara. Yawancin sojoji ba su harba ko rabin abin da aka ware musu ba, kuma a cikinsu akwai samarin da tun da suka fito daga horon farko ba su sake daidaita saitin bindigarsu ba.

Ƙananan saɓani suka ci gaba da biyo baya. An sa darasin ceton mai rauni ranar Juma'a daga ƙarfe ɗaya zuwa uku, malamai suka tarar da rumfa babu kowa, suka ɗauka ƙin darasin aka yi, mu kuma ba mu taɓa zaton akwai mai bukatar a gaya masa lokacin sallar Juma'a ba. An matso da wata fita daga yamma zuwa safe ta saƙon WhatsApp, wanda ya isa wayar laftanoni amma bai isa wurin shugaban direbobi ba, domin kuɗin wayarsa ya ƙare, bon ɗin gazuwal, wato takardar karɓar mai, kuma sai an sa masa hannu tun jajibiri. Masu dafa abinci su suka fi kowa shan wahala, domin su ne na ƙarshe da ake tunawa da su, sau da yawa shinkafa takan nuna a bariki alhali masu cinta suna daji, ko kuwa mutane su dawo da yunwa su tarar ba a ko hura wuta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne atisayen dare. An tsara kwanton ɓauna na gwaji a wani kwari da ke kusa da ƙauyen nan, da harsashin atisaye wanda ƙara kawai yake yi, da fitilun da ake harbawa sama su haska fili. A jadawali an rubuta shi a daren ranar Alhamis, wato a fara bayan lisha ranar Alhamis a gama kafin asubar Juma'a. Aka tura soja ya sanar da mai gari cewa daren Alhamis za a ji harbi, kada kowa ya tsorata, kada kuma a fita. A lissafinmu na gargajiya da na addini kuwa dare shi ke gaba da yini, da faɗuwar rana sabuwar rana take shiga, shi ya sa daren Juma'a a wurinmu shi ne daren da za a wayi gari Juma'a. Mai gari ya tsare mutanensa daren Laraba wayewar Alhamis, ba su ji komi ba, suka ɗauka an fasa. Washegari da tsakar dare harbi ya ɓarke a bayan gidajensu, sama ta yi ja. Mutanen da suka san abin da ya faru a Tazalit, suke kuma jin labarin abin da ke gudana a kan iyakar Mali, ba za su tsaya tambaya ba. Mata suka goya ƴaƴa suka fantsama daji cikin duhu, wata tsohuwa ta faɗi ta gurɗe ƙafa, wani yaro kuma sai da gari ya waye aka same shi a maƙale cikin ƙorama.

Da safe kapitan ya ɗauke ni da ajidan da ma'aikacin jinya muka je. Mun tarar da mai gari a ƙofar gidansa tare da dattawa. Kapitan ya cire hula da takalmi, ya zauna a bakin tabarma, ya ce, “Ranka shi daɗe, haƙuri muka zo bayarwa, laifin daga gare mu yake.” Mai gari ya amsa a hankali, ba tare da ɗaga murya ba: “Kapitan, ɗana, cewa aka yi daren Alhamis. Daren Alhamis mun tsare kowa cikin gida, ko jaki ba mu bari ya fita ba. Jiya kuwa daren Juma'a ne. In za ku sake, ku aiko mini mutum da la'asar ɗin ranar, ya ce mini yau ne.” An ɗaure wa tsohuwar ƙafa, aka yi addu'a, muka tashi. Sun yafe, amma na san abin da muka taɓa ba ƙarami ba ne, domin a arewa inda za mu, soja ba shi da ido sai na mutanen ƙauye da makiyaya, kuma wanda ka firgita iyalinsa da tsakar dare ba zai yi saurin kawo maka labari ba.

Da na zauna na bi waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, na ga cewa agogo da kalanda da harshe duk suna da hannu, amma akwai abin da ke ƙarƙashinsu, wato babu mai sake tambaya. Tarbiyyarmu ta gida ta hana ƙarami ya ce wa babba ya maimaita, tarbiyyar soja kuma ta ƙara ƙarfafa hakan. Idan malami ya gama bayani ya ce ko akwai tambaya, shiru ake yi, saboda girmama baƙo da gudun kada a ce mutum bai iya Faransanci ba. Idan sarjan ya ce “An gane?” amsa ɗaya ce, da ƙarfi kuma. Malaman su ma suna ɗaukar shirun nan a matsayin fahimta, ba sa son su matsa kada a ce sun raina masu masaukinsu. Tafintocin samari ne farar hula masu ƙoƙari, amma mutumin da ya yini yana juya magana tsakanin harsuna biyu a cikin rana, lambobi su ne abin da ke fara kuɓuce masa. Ladabi abu ne mai kyau, ba na fatan mu rabu da shi, sai dai a sha'anin lokaci da wuri ladabin da ke hana tambaya yana iya jawo asarar rai.

Gyaran daga ajidan ya fito. Ya taɓa aiki a rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Mali, wajen Ansongo, inda agogo yake baya da na Nijar da awa ɗaya, kuma ya ce a can ma sai da suka sha irin wannan kafin su yi hankali. Ya nemi izinin kapitan, muka je kasuwa muka sayo agogon bango da babban allo da alli, aka kafa su a ƙofar biro. Kapitan ya zauna da shugaban malamai suka amince cewa lokaci ɗaya ne zai yi aiki a horon, wato abin da agogon bangon nan ya nuna, ba a sake rubuta harafin Z a takardar da za ta shiga hannun kampani, wata kuma da haruffa za a riƙa rubuta shi, tare da sunan ranar. Aikin dare kuwa ranaku biyu ake rubuta masa, ranar da za a shiga da ranar da za a wayi gari. Kowace rana bayan la'asar ana haɗuwa a gaban allon, ba hafsoshi kaɗai ba, har da shugaban direbobi da shugaban masu dafa abinci da wakilin asibiti da tafinta da malami ɗaya. Abin da aka rubuta a lokacin shi ne aikin gobe, duk canjin da ya taso bayan haka kuma ba a yarda da shi ta waya, sai ni na bi mutane da littafi kowa ya sa hannu.

Ɓangaren da ya fi wuya shi ne maimaitawa. Ajidan ya dage cewa kafin a watse kowa zai faɗi da bakinsa, da harshen da ya fi iyawa, ƙarfe nawa ne aikinsa da inda zai kasance da abin da zai zo da shi. Wani laftana ya nuna bai ji daɗi ba, yana ganin an mayar da shi ɗan makaranta a gaban na ƙasa da shi. Ajidan ya ce masa, “Mon laftana, matambayi ba ya ɓata.” Kapitan bai tsaya jayayya ba, ya matso gaban allo ya fara maimaita nasa da Hausa, sannan ya juya ga shugaban malamai, shi ma ya faɗi nasa tafinta ya juya. Da aka zo kan shugaban masu dafa abinci, wani kaparal mai furfura wanda bai saba magana a gaban manya ba, ya goge hannu a jikin rigarsa ya ce karin kumallo ƙarfe biyar da rabi, abincin rana kuma a bariki. Allon kuwa cewa ya yi a daji za a ci. A nan take aka gyara, aka ware motar da za ta kai tukwane, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake ƙorafi a kan maimaitawa. Sanar da ƙauye ma aka mayar da shi yadda mai gari ya nema, ni nake zuwa da kaina da la'asar ɗin ranar, in kuma koma in gaya masa idan an gama.

Tsarin ya nuna amfaninsa a farkon Afrilu. An aiko saƙo daga Turai cewa jirgin da ke ɗauke da kayan darasin jinya zai sauka ƙarfe biyu na rana. Shugaban direbobi, wanda a da ba ya buɗe baki, shi ya tambaya a gaban allo ko biyun ta agogon wa ce. Da aka bincika sai aka tarar da agogon can aka rubuta. A lokacin sanyi agogon Faransa da Jamus daidai yake da namu, amma a Lahadin ƙarshe ta Maris, wadda a shekarar ta faɗo 31 ga wata, sukan matsa da shi gaba da awa ɗaya, Nijar kuwa ba ta canza agogo. Ƙarfe ɗaya motocinmu suna filin jirgi, aka sauke kayan aka wuce da su rumfar darasi.

Abin da ya riga ya zube bai dawo duka ba. Ranar tashinmu zuwa arewa ba ta matsuwa, domin waɗanda za mu canza sun daɗe a can, su ma iyalansu suna jira. An samu an maimaita harbin rana, kowa ya daidaita saitinsa, amma harbin dare da harsashi na gaske ba a yi shi ba sam, kwashe mai rauni daga fili zuwa mota kuma ba kowane sashe ne ya samu gwadawa da hannunsa ba. Wannan darasi sai a sansaninmu na arewa ma'aikacin jinyarmu ya riƙa ƙarasa shi da yamma, rukuni bayan rukuni, yana koya wa mutane ɗaure jijiya don tsayar da jini da kayan da malaman suka bar mana. A rahoton ƙarshe da na shirya wa kapitan na rubuta kowane saɓani da sanadinsa da awannin horon da ya ci, na kuma ba da shawara cewa duk kampanin da zai zo irin wannan horo ya riƙa turo mai riƙon jadawalinsa tun kafin zuwan sauran, ya zauna da malamai da biron asibiti da na mai da mai gari, a daidaita agogo da kwanan wata da ranakun Juma'a kafin soja ko ɗaya ya hau mota. Kapitan ya sa hannu ya aika sama. Allon da agogon mun bar su a ƙofar biron, kuma sarjan ɗin kampanin da ya biyo bayanmu ya iso Tawa tun muna ɗaure kaya, na zauna da shi muka bi littafin sa hannun shafi bayan shafi kafin in miƙa masa shi.